Dalilin Da Ya Sa Tsohuwar Mota Ke Sarƙewa Idan An Taka Totur, Da Yadda Ake Gano Inda Matsalar Take

Duk mai tsohuwar mota ya san wannan yanayi. Danja ta ba da hannu, ko an sami 'yar kafa a shataletale, direba ya taka totur, sai motar ta yi kamar ta ƙware. Ta ɗan numfasa, ta yi tari ko gargada na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ta fizga. Da zarar allurar RPM ta haura 2,500 sai komai ya daidaita, a hau babban titi a yi ta tafiya lafiya lau. Shi ya sa mutane ke yin watanni suna lallaɓa ta a haka. Sai dai daƙiƙa biyun nan suna zuwa ne daidai lokacin da mota ta riga ta sa kai cikin titi, ga tirela ko ɗan a daidaita sahu tafe.

Akwai kuma ɓangaren aljihu. A gareji da yawa jerin gyaran kusan a haddace yake: a canza fulogi, a wanke nozul, a canza famfon mai, a sayo koyil, in duk an rasa a ce birenbos ce. Kowane mataki kuɗi ne, kuma sau da yawa abin da ya lalace wata roba ce da ba ta kai farashin fulogi huɗu ba. Canza kaya bisa canke ya fi awo tsada, alhali yanzu rabin awon ana iya yin sa da wayar hannu.

Misalin da za a bi a nan shi ne Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008 mai injin 1ZZ-FE lita 1.8, domin tana cikin motocin da suka fi yawa a titunan Kano, Kaduna da Abuja, kuma galibinsu sun ci tafiya tun kafin a sauke su daga jirgin ruwa. Wani abin lura game da ita: ma'aunin tafiyarta yana tsayawa cak idan ya kai 299,999, don haka lambar da ke kan dashbod ba lallai ta faɗi gaskiyar shekarun injin ba, ko da babu wanda ya taɓa ta. Hanyar binciken kuwa ɗaya ce ga kusan duk mota mai fetur da ke aiki da nozul, Honda ce ko Golf ko Fijo 406. Lambobin awo ne kawai ke bambanta.

Me ya sa sai a ƙananan juyi?

Injin fetur yana son iska da mai a wani ma'auni, kusan giram 14.7 na iska ga giram 1 na fetur. Ƙwaƙwalwar mota, wadda bakanikai ke kira birenbos, ba ta ganin iskar da idonta. Wata sensa ce da ke bayan filtar iska, MAF ko eyafulo, ke gaya mata yawan iskar da ta shiga, ita kuma ta lissafa tsawon lokacin da za ta buɗe nozul.

Lokacin da inji ke silo, bakin totur a rufe yake kusan ruf, iskar da ke shiga kaɗan ce ƙwarai, kuma fistin na zuƙa da ƙarfi ta bayan wannan ƙofa. Idan akwai 'yar tsaga a tiyo ko gasket, a nan ne take zuƙo iska mafi yawa, iskar da sensa ba ta ƙirga ba. Ɓarauniyar iska kaɗan a kan iska kaɗan babban kaso ne. A juyi 3,000 kuwa, tsagar nan ba ta kai a kula da ita ba.

Sai kuma lokacin taka totur. Iska na rugawa cikin inji nan take, mai kuwa sai an lissafa an fesa, wani ma ya maƙale a bangon hanyar shiga kafin ya isa silinda. Idan dama man bai isa ba, a wannan ɗan tsakanin ne wuta ke yankewa. A daidai lokacin kuma silinda ta cika da iska, matsi ya ƙaru, shi kuma tartsatsin fulogi yana buƙatar ƙarin ƙarfin lantarki kafin ya tsallaka cikin iska mai matsi. Tsohon fulogi ko koyil mai rauni zai iya riƙe silo, amma ya gaza a nan.

Na ƙarshe lissafi ne kawai. Inji mai silinda huɗu yana tashin wuta sau biyu a kowane juyi. A juyi 700 a minti, tashi 23 ke nan a daƙiƙa. A juyi 3,000, tashi 100. Idan ɗaya ya faɗi cikin 23, har kujera za a ji shi. Cikin 100 kuwa, nauyin juyawar injin ya shanye shi.

A fara tabbatar da cewa injin ne

Ba kowace gargada ce daga inji ba, kuma allurar RPM ce alƙali. Idan aka taka totur allura ta tashi, ƙara ta ƙaru, amma motar ba ta ja ba, to kuloci ne ke zamewa, ko giyabos idan mota otomatik ce. Idan kuwa allurar ce ta tsaya ko ta ɗan nutse kafin ta tashi, inji ne. A mota mai giyar hannu, tafiya da giya 4 a cikin cunkoso don tsimin mai tana sa lafiyayyen inji ma ya yi gargada, wannan ba cuta ba ce. Kujerar inji da ta mutu ita ma tana sa a ji "kwas" da girgiza lokacin tashi, amma ba ta rage ƙarfi.

Abin da zai fi taimaka wa bakanike shi ne mai mota ya zo da bayani dalla-dalla. Da safe ne kawai kafin inji ya yi zafi, ko bayan ya yi zafi? Bayan an sha mai a wani wuri ta fara? Bayan an wanke inji, ko an cire batir? Tana ƙaruwa idan an kunna AC? Kowace amsa tana rage rabin wuraren da za a duba.

Waya da ɗan sikana

Duk motar da aka sayar a Amurka tun 1996 tana da soket ɗin OBD-II mai ƙafa 16, motocin fetur na Turai kuma tun 2001. A Corolla yana ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren direba. Ɗan sikana samfurin ELM327 mai Bluetooth yana shiga nan, a haɗa shi da manhaja irin su Torque ko Car Scanner. Jabu sun yi yawa a kasuwa, wasu ba sa iya magana da tsofaffin motoci, don haka gara a gwada shi a jikin motar kafin a biya.

Kafin a jona shi, a murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba. Dole fitilar cek ta kama, ta mutu bayan inji ya tashi. Idan ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ko an liƙe ta, dabarar da wasu dillalai suka ƙware a kai. Idan kuma tana ƙyaftawa lokacin da motar ke sarƙewa, wata silinda ce ke faɗuwa sosai har ɗanyen mai na shiga salansa, abin da ke narkar da katalis. Mota a wannan hali ba a ci gaba da takura mata.

Lambobin da aka fi gani a wannan matsala kaɗan ne. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa. P0300 faɗuwar wuta ce a silinda daban-daban, P0301 zuwa P0304 kuma suna nuna silindar da abin ya shafa. P0101 ta shafi awon eyafulo. Babban kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar lamba a matsayin sunan abin da za a saya. P0171 ba ta ce sensar oksijin ta mutu ba. Ta ce sensar ta ga ƙarancin mai, kuma yawanci gaskiya ta faɗa. Kuskure na biyu shi ne goge lambobin nan take. Tare da lamba birenbos kan ajiye hoton yanayin da abin ya faru: juyin inji, zafinsa, gudun mota. Gogewa na tafiya da wannan shaida. A ɗauki hoton allon waya tukuna.

Sau da yawa ma babu lamba ko ɗaya, domin birenbos ba ta kunna fitila sai abin ya yi ƙamari. A nan ne ɗan sikana ke biyan kuɗinsa, ta hanyar awo biyu da manhaja ke nunawa da sunan STFT da LTFT. Su ne gyaran da birenbos ke yi wa lissafin mai bayan sensar salansa ta ba ta labarin yadda ƙonewar ta kasance. STFT gyaran yanzu-yanzu ne, yana hawa da sauka. LTFT kuma abin da ta koya ta riƙe ne a tsawon lokaci. Ana haɗa su biyun. Idan jimillar na tsakanin -10 da +10 bisa ɗari, ma'aunin mai ba shi da babbar matsala, sai a karkata ga fulogi da koyil. Idan ta haura +10, ƙwaƙwalwar na ƙara mai don cike wani giɓi.

Gwajin da ke raba gardama mai sauƙi ne. Bayan inji ya yi zafi, a kashe AC, a karanta jimillar a silo. Sannan a riƙe totur a juyi 2,500 na kamar rabin minti a sake karantawa. Idan a silo +20 ce, a 2,500 ta sauko kusa da +5, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Idan a silo tana daidai amma tana hawa yayin da juyi da nauyi ke ƙaruwa, ko eyafulo ta yi datti tana rage ƙirga, ko mai ba ya isowa. Idan kuma lambar ta yi ƙasa sosai, kamar -15, mai ne ya yi yawa: nozul mai ɗiga, ko bawul ɗin tururin tanki da ya maƙale a buɗe. Minti biyar ke nan, ba a kwance ko noti ɗaya ba.

Ɓarauniyar iska

A wannan Corolla akwai wurin da ya yi ƙaurin suna. Manifol ɗin shigar iska na roba ne, kuma gasket ɗin da ke tsakaninsa da kan silinda yana taurara ya lotsa idan ya tsufa. Alamarsa a fili take: matsalar ta fi tsanani da sanyin safiya, musamman a hunturu, ta ragu idan inji ya yi zafi roba ta kumbura ta toshe kafar. Mai sikana zai ga gyaran mai ya yi sama sosai a mintunan farko, sannan ya riƙa saukowa. Toyota ta fitar da sabon gasket mai ruwan lemo a madadin baƙin na asali. Aikin bai kai yini ba, kuma ba a shafa masa gam.

Wuri na biyu shi ne babban tiyon da ya taso daga akwatin filta zuwa bakin totur. Yana da lanƙwasa-lanƙwasa, tsagar kuma takan ɓuya a cikin lanƙwasar ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Abin da ke sa ta wahalar kamawa shi ne, a tsaye tsagar a rufe take. Sai an tashi mota inji ya ɗan karkata a kan kujerarsa, ya ja tiyon, ta buɗe, motar ta sarƙe, inji ya koma mazauninsa, ta rufe. Dole a cire tiyon gaba ɗaya a lanƙwasa shi a hannu cikin haske. Daga nan sai ƙananan tiyo: na bawul ɗin PCV da ke kan murfin inji, da wanda ke zuwa tulun birki.

Hanya mafi tsafta ta gano kafa ita ce injin hayaƙi, a hura hayaƙi cikin manifol a ga inda yake fita. Inda babu shi, bakanikai kan fesa kabkilina a mahaɗai su saurari canjin silo. Yana aiki, amma abu ne mai kama wuta ana fesa shi kusa da koyil da salansa. In dole ne, a yi shi inji na da sanyi, kaɗan-kaɗan, ana kallon STFT a waya: da an taɓa wurin za ta faɗo.

Eyafulo da bakin totur

Sensar MAF tana aiki da siririyar waya mai zafi. Iska na wucewa tana sanyaya ta, daga nan ake lissafa yawan iskar. Idan ƙura ta lulluɓe wayar, sai ta zama kamar an rufa mata bargo: tana jinkirin jin canji, tana kuma rage ƙirga. Jinkirin nan shi ne ainihin sarƙewar da direba ke ji. A ƙasar da hazo da ƙurar hunturu ke yin watanni, ga filtar iska da ake bugawa a jikin taya ko a hure da iskar falkanaiza a mayar, wannan ba abin mamaki ba ne. Iska mai ƙarfi tana yaga takardar filta ta yadda ido ba ya gani, ƙura ta wuce kai-tsaye.

Sukurori biyu ne ke riƙe da sensar. Ɗan ƙwallon da ake fara gani idan an ciro ta ma'aunin zafin iska ne, wayoyin da ake nufi suna can cikin bututun, sai an leƙa. Mutane da yawa ƙwallon suke wankewa su mayar. Ana amfani da feshin da aka yi don MAF, ko na wanke kayan lantarki wanda ba ya barin maiƙo. Ba fetur, ba kabkilina, ba tsinke ko auduga. A bar ta ta bushe kafin a jona. A silo, da inji mai zafi kuma AC a kashe, lafiyayyar sensa a injin lita 1.8 takan nuna kusan giram 2 a daƙiƙa.

Bakin totur shi ma yana tara baƙin maiƙo a gefen faifansa, ya toshe 'yar kafar da silo ya dogara da ita. Ƙirar Amurka ta 2003 da 2004 tana da kebul daga feda, daga 2005 kuma totur ɗin na lantarki ne, ƙaramar mota ce ke juya faifan. Wannan na biyun ana goge shi a hankali da tsumma, makulli a kashe, ba a ambaliya masa feshi. Bayan wanki ko cire batir silo kan rikice na ɗan lokaci har birenbos ta sake koyo. Don gwada sensar totur, a kunna makulli ba inji, a taka feda sannu a hankali ana kallon jadawali a manhaja. Layin ya tashi sumul. Idan ya yi tsalle ko ya faɗo a farkon takawa, wurin da aka fi amfani da shi ne ya cinye.

Fulogi da koyil

Idan ma'aunin mai daidai yake amma motar na fizga kamar ana yanke mata wuta, musamman a hawa ko da AC, nan ne wurin dubawa. Injin yana da koyil huɗu, kowane fulogi da nasa. Ba sai an sayi huɗun ba. Idan lamba ta ce P0302, a musanya koyil na 2 da na 3, a goge, a zaga. Lambar ta koma P0303, koyil ne. Ta tsaya a P0302, sai a musanya fulogi, sannan nozul. In duk ba ta motsa ba, matsalar na cikin silindar kanta. Silinda ta 1 ita ce ta ɓangaren bel.

A leƙa ramin fulogi kafin a kwance shi. Baƙin mai a ciki alama ce gasket ɗin murfin inji ya mutu, kuma man na lalata robar koyil har wuta ta riƙa zurarewa gefe. Ruwa kuma aikin masu wankin mota ne da ke sa tiyo mai ƙarfi a kan inji.

Fulogin asali na iridiyom ne, irin su Denso SK16R11, tazarar bakinsa milimita 1.1, kuma an tsara shi ya kai mil 120,000, wato kimanin kilomita 190,000. Wannan lissafin na gaske ne, a injin da ba ya shan baƙin mai. Jabun iridiyom sun cika kasuwa, kwalinsu ya yi kama da na asali, bakinsu kuwa ya cinye cikin 'yan watanni. Fulogi na talaka na ainihi mai lambar da ta dace ya fi iridiyom na jabu. Fuskar tsohon fulogi ma labari ce: fari fat ƙarancin mai, baƙi mai laushi kamar kunkunniya yawan mai, jiƙaƙƙe ko mai dasashin toka shan baƙin mai. Injinan 1ZZ na farko sun shahara da toshewar ringin mai, kuma injin da ke ƙona baƙin mai yana kashe fulogi, sensar oksijin da katalis a jere.

Mai da famfonsa

Famfon mai shi ne wanda aka fi yi wa ƙazafi. Famfo mai rauni yakan fara nuna kansa ne inda ake buƙatar mai da yawa, a hawan tudu, a wuce wata mota, a gudu. Motar da ke cin babban titi lafiya amma take sarƙewa a tashi, da wuya famfo ne. Haka katalis da ya toshe, shi ma a sama yake shaƙe inji. Awo ne ke yanke hukunci: matsin mai a wannan inji ya kamata ya kasance tsakanin 44 da 50 psi, ya kuma riƙe idan an taka totur. Cire tiyo a ga mai "yana zuwa da ƙarfi" ba awo ba ne. Filtar man tana cikin tanki tare da famfo. Tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 mutane da yawa ke yawo da tanki a ƙasa, alhali fetur ɗin da famfo ke nutse a ciki shi ke sanyaya shi.

Ingancin man kansa abin tuhuma ne idan matsalar ta fara kwatsam bayan shan mai. An ga haka a faɗin Najeriya a watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan metanol. A kullum kuma akwai man bumburutu da ba a san abin da aka gauraya masa ba. A zuba kaɗan a kwalba mai haske a ajiye, ruwa zai kwanta a ƙasa. Man da aka haɗa da kananzir yana sa inji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, sensar da ke jin wannan ƙara ta sa birenbos ta ja lokacin wuta baya, motar ta yi nauyi a ƙananan juyi.

Wankin nozul yana da amfani idan an yi shi a injin da ke nuna feshin kowanne da yawan abin da ya zubar. A kuma sa sababbin robobi, domin tsohuwar robar nozul da aka mayar ita kanta kafar iska ce.

Abubuwan da aka cire da gangan

Motoci da yawa ana cire musu tamostat da sun iso, a haɗa fanka kai-tsaye, wai don zafin ƙasar nan. Tamostat ɗin wannan inji yana buɗewa ne a digiri 82, kuma an tsara injin ya yi aiki sama da haka. Idan babu shi, inji yakan daɗe bai kai zafinsa ba, musamman da safe, da damina da hunturu. Birenbos ta ci gaba da ƙara mai, fulogi ya yi baƙi, shan mai ya ƙaru. A manhaja ana ganin zafin ruwa: bayan tafiyar minti goma sha biyar ya kamata ya haura 80. Da sassafe kuma kafin a tayar da mota, zafin ruwa da zafin iska su zo kusan ɗaya. Idan sun yi nisa da juna, sensa ɗaya na ƙarya.

Katalis, wanda ake kira indomi, shi ma sau da yawa an fasa an sayar. Rashinsa ba ya kawo sarƙewa kai-tsaye, amma yana barin P0420 da fitilar cek a kunne dindindin, ta yadda sabuwar matsala ba ta da hanyar sanar da kanta. Waldar da aka yi wa salansa kuma idan tana yoyo kafin sensar gaba, tana rikita awon mai.

Idan duk waɗannan lafiya suke

Saura cikin inji. Tsarin VVT-i yana juya kamshaf ne da matsin baƙin mai, ta wani bawul na lantarki da 'yar ragar tacewa a jikin kan silinda. Injin da aka daɗe ba a yi wa juye a kan lokaci ba yana tara laka, raga ta toshe ko bawul ya maƙale. Idan kamshaf ya tsaya a matsayin gudu alhali mota na silo, sai gargada da mutuwa a danja. Lambobinsa P1349 a tsofaffi, P0011 ko P0012 a na baya. Ana ciro ragar a wanke. Toyota ta rubuta 5W-30 wa wannan inji, kuma ko wane mai aka zuba, idan ya yi ƙasa a sandar awo tsarin ba zai yi aiki daidai ba. Motocin da ke da bawul ɗin EGR, kamar Honda da yawa na wancan zamani, suna nuna irin wannan alama idan gawayi ya hana shi rufewa.

Gwajin matsin silinda shi ke nuna ko injin ya gaji. Mafi ƙarancin da aka yarda da shi a 1ZZ-FE kusan 145 psi ne, bambanci tsakanin silinda kuma kada ya wuce 15. Idan ɗaya ta yi ƙasa, a ɗiga mata ɗan baƙin mai a sake: ta tashi, ringi ne, ba ta tashi ba, bawul ne ko gasket ɗin kai. Bawul ɗin wannan inji ba sa daidaita kansu. Tazararsu a sanyi milimita 0.15 zuwa 0.25 ce a na shiga, 0.25 zuwa 0.35 a na fita, kuma bawul da ya matse yana zubar da matsi a ƙananan juyi kafin ya ƙone gaba ɗaya. Ya kamata a yi wannan gwaji kafin a zuba kuɗi masu yawa a sensa.

Birenbos ita ce ta ƙarshe a jeri, kuma kafin a taɓa ta mai wayarin ya duba wayoyin as da ke ɗaure a jikin inji da kawunan batir. Amma a wannan mota zargin yana da tushe. A watan Agustan 2010 Toyota ta yi kiranyen Corolla da Matrix fiye da miliyan ɗaya ƙirar 2005 zuwa 2008 a Amurka, saboda tsagewa a allon lantarkin birenbos da ke iya sa giya ta riƙa bugawa, mota ta ƙi tashi ko ta mutu ana tafiya. Wasu daga cikin motocin sun bar ƙasar ba a gyara su ba. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, kuma idan aka shigar da ita a shafin kiranye na Toyota ko na hukumar NHTSA ta Amurka, zai nuna ko har yanzu akwai gyaran da ba a yi wa motar ba.